Ranar da Sakosh Ta Hau Buzu

Allah Ya yi wa kowace unguwa nata arzikin. Wata Ya ba ta rijiya mai daɗin ruwa, wata babban malami, wata kuma kwalta har bakin ƙofa. Mu mutanen Jambutu, a nan Garuwa, da Ya tashi yi mana namu sai Ya ba mu Misye Mahfuzu. Ba mu raina ba. Kwalta tana farfashewa, rijiya tana ƙafewa, amma bakin Misye Mahfuzu bai taɓa ƙafewa ba, rani da damina.

Ni na fi kowa morewa, don katangarmu ɗaya. Ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko. Tun ina ƙarami malaminmu ya ce in koma kasuwa in taimaki babana, zai fi wa kowa alheri. To amma maƙwabcin kogi ba ya taimama. Ilimin da ke tsallako katanga yana faɗowa tsakar gidana, da ana sayar da shi da tuni na sayi moto, wato babur.

Mutum ne gajere, mai tsabta, mai tafiya a ƙasaice. Kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu kusa da ƙasa, saboda nauyin amanar da take ɗauke da ita. Amanar nan kuwa ita ce jakarsa. Astagfirullah, kun ga rashin karatu ko? Ba jaka ba ce. Sakosh ce. Baƙa, ta fata, mai marfi, da makulli mai ruwan zinariya. In ka hango ta ta karyo kwana sai ka gyara tsayuwa, mai ita na nan biye da ita.

Asalinsa ba ɓoyayye ba ne, ko da yake yana iya ƙoƙarinsa. Kakansa Bakano ne, ya shigo garin nan da jakuna da burgami na fatar akuya a rataye, yana sayar da kanwa da allura, har sunansa ya ɓace aka koma ce masa Mai Burgami. Shi kuwa jikan a wani kamfanin auduga ya yi aiki. In ka tambaye shi matsayinsa sai ya ce, "Ina direksiyo." Kuma gaskiya ne. Yana bakin ƙofar direksiyo, wato ofishin shugaban kamfanin, a kan benci. In motar direkter ta tsaya shi ke rugawa ya karɓi jakar, ya bi bayansa da ita har tebur, da yamma ya mayar da ita mota. Ranar da aka canza wa direkter wurin aiki, ya duba ya ga makullin ya daina kamawa, sai ya bar ta a kan bencin ya yi gaba. Mu jahilai mun ɗauka yar da ita aka yi. Misye Mahfuzu ne ya fahimtar da mu cewa a tsarin Turawa wannan shi ake kira miƙa ragama.

Tun daga ranar bai sake aiki a ƙarƙashin kowa ba. Bai ma sake aiki ba gaba ɗaya. Kullum da safe zai yi wanka, ya ɗauki sakosh, ya tafi meri, wato ofishin magajin gari, ya tsaya a gindin darbejiya yana duba agogo. In ma'aikaci ya zo wucewa ya ɗaga masa hannu. Wanda ya amsa abokin aiki ne. Wanda bai amsa ba ɗan hassada ne.

Amma kafin ya tafi sai ya ba mu darasi a teburin mai shayi. Ba ya sayen shayi, don ya ce yana dushe murya, sai dai in wani ya matsa masa. Darasin kuwa ɗaya ne, mun haddace shi kamar Ƙulhuwallahu.

"Ekute, ku saurara," in ji shi, ya ɗora sakosh a cinya ya dafa ta. "Abin zuba kaya hawa-hawa ne, kamar ma'aikatan gwamnati. Can ƙasa akwai leda. Leda ba ta da asali, ba ta da makoma. Iska ce uwarta, kwata ce kabarinta. Sama da ita sai buhu, na 'yan dako. Sai burgami da mangala, waɗannan na zamanin jakuna ne, an wuce wurin. Sai zabira ta wanzamai, wadda ba ta san komai ba sai aska da ƙaho da gashin mutane. Gafaka kam muna girmama ta, albarkacin littafin da ke cikinta. Sai jaka, ta kowa da kowa, ta mace mai zuwa biki, ta yaro mai zuwa lakwal. Vwala. Sannan can sama, inda iska ke da sanyi, sai sakosh. Donk, duk wanda ya kira sakosh jaka, tamkar ya kira gwamna mai unguwa ne."

Har asalin kalmar ya sani. Ya ce wani Bafaranshe ne mai suna Misye Jak ya sauka daga jirgin ruwa a bakin kogin Binuwai riƙe da ita, mutanenmu ba su taɓa ganin irinta ba, suka riƙa cewa "ta Jak, ta Jak", har harshensu ya karkace ya koma jaka. Na ce masa ai kakata ta ce tun zamanin kakarta ake ƙirga wuri da jaka, kafin a ga farar fata a ƙasar nan. Ya dube ni da tausayi, ya ce wannan ya nuna Misye Jak ya daɗe yana zuwa. Wani ya ce to me ya sa har yau in an ce jaka guda a kasuwa dubu ɗaya ake nufi, su ma Fulani da boro suke kiran jakar da kuɗin duka? Ya ce ai kuɗin da Misye Jak ya sayi tasa ke nan. Ilimi kogi ne. Mu dai muna bakin gaɓa muna wanke ƙafa.

Kuma ba a baki kawai ya tsaya ba, mutum ne mai aiki da iliminsa. In ka ce, "Misye, jakarka ta yi ƙura," ba zai waiwayo ba, don ba da shi kake ba. Wata rana ya hau moton Fabrice, mai kai mutane kasuwa daga bakin layinmu. Fabrice ya ce, "Patron, kawo jakar in ɗora a tanki." Nan take ya ce a tsaya. Ya sauka, ya taka da ƙafa har meri cikin ranar Garuwa, wadda ke dafa ƙwai a aljihu. Ya isa jiƙe sharkaf da gumi, amma da mutuncinsa. A masallaci a gabansa yake ajiye ta, har yara suka ɗauka ita ma sahu take bi. Ba a taɓa ganin ta taɓa ƙasa ba. Ba a kuma taɓa ganin cikinta ba. In ka tambaya sai ya rage murya ya ce, "Dosiye." Wato takardun aiki. Kan wata tsohuwar jarida ne kawai ke leƙowa ta gefen marfi, don kowa ya san akwai karatu a ciki.

Babban yaƙinsa a duniya shi ne da leda. Kun san al'adarmu. In an yi suna ko walima ko sadakar mamaci, ba a barin baƙo ya koma hannu rabbana. A ƙulla maka masa ko nama a baƙar leda, ka kai wa iyali, su ma su sa albarka. Ba abin kunya ba ne, liman ma yana karɓa. Misye Mahfuzu kaɗai ne ba ya karɓa. In an miƙo masa sai ya ɗaga tafin hannu kamar ɗan sanda a mararraba.

"Mersi. Ni ba na ɗaukar leda. Al'ummar da ke fita daga taro tana kaɗa leda ba za ta ci gaba ba. Ku dubi Turawa."

Mun duba, ba mu ga ko ɗaya a Jambutu ba, amma mun yarda.

Sai dai akwai wani abin al'ajabi da ya shige mini duhu. Sakosh takan shiga gidan biki a rame, ta fito da ƙiba. Na yi tunani na yi tunani, sai na gane cewa aikin gwamnati ba ya jira, har a gidan suna dosiye na ƙaruwa. Haka kuma duk ranar da aka yi taro, kyanwoyin unguwa kan yi layi a kan katangarmu suna kallon ɗakinsa. Ashe dabba ma na son ilimi. Washegari kuma sai in ji matarsa Adawiyya tana wanke wani abu da ruwan zafi da sabulu tana ƙunƙuni. Na taɓa tambayarta ta kan katanga, ta ce, "Kayan ofis ne, maƙwabci. Takardun gwamnati akwai maiƙo." Ni ban taɓa zarginsa ba. Wane ni.

To, ana nan sai Wakilin Hausawan ɓangarenmu ya tsufa ya ce a sauwaƙe masa. Wakili shi ne bakinmu a meri. Amma ba wannan ne ya hana Misye Mahfuzu barci ba. Wakili yana da kujera a tiribin, wato rumfar manya, ranar Ven Me, bikin ƙasa na ashirin ga Mayu, a cikin inuwa, a sahun da ake raba ruwan sanyi. Shekara da shekaru Misye Mahfuzu na zuwa bikin nan, ya tsaya daf da igiya cikin rana, ya ɗaga sakosh daidai ƙirji ko jandarma zai yi kuskure ya ce ya shigo. Jandarmomin Garuwa kuwa ba su da kuskure. Saboda haka tun kafin a ce ana neman Wakili ya kai farar shadda wurin tela.

Mai naɗa Wakili shi ne Sarki Hamadu, Sarkin Hausawan ɓangarenmu, tsoho mai ƙarancin magana, wanda in ya yi shiru ba ka sanin barci yake ko hukunci. Mai neman kujerar na biyu kuwa Abdelkerim ne, ɗan kasuwar albasa da ya taso daga garin Kusiri ya zauna cikinmu, Hausarsa rabi Larabci. Shi ma ba shi ya nema ba, 'yan kasuwa ne suka tura shi. Misye Mahfuzu ya ce ba ya ganin takara a nan. "Mutumin da ke zuba katinsa na ɗan ƙasa a leda? Me zai ɗora a teburin meri? Albasa?"

Zauren Sarki Hamadu yana da al'ada guda da ko yaron goye ya sani. A gaban Sarki akwai buzu, fatar rago fara. Duk mai buƙata a nan yake ajiye gaisuwarsa, goro ne, turare ne, ko me Allah Ya hore. Abin da ya hau buzu ya bar hannun mai shi. Sanƙira zai buɗe, ya faɗa da ƙarfi kowa ya ji, jama'a su ce an gode. In kuwa ka miƙa hannu ka janye, ba wanda zai hana ka, amma ka janye buƙatarka ke nan. Sanƙiran zauren kuwa shi ne Brahim, wanzamin unguwa, mai murya kamar ganga. Misye Mahfuzu ya sanar tun da wuri cewa shi ba zai kai goro ba. Ya ce wanda ya zo da ƙwarewa ba ya zuwa da goro.

Sai Allah Ya haɗa abu biyu a rana ɗaya. An sa ranar zaɓe bayan la'asar, da safiyar ranar kuma ake rabon naman suna a gidan Abdelkerim, don matarsa ta haihu. An yanka rago tun jiya, an banƙare shi a jikin sanduna ya sha wuta ya yi jawur. Misye Mahfuzu ya halarta, don ya nuna shi ba ya riƙe abokin takara a zuci. Aka fitar da rabon kowa yadda aka gada. Na wanzami, karfata guda sukutum, wato hannun ragon har kafaɗa, aka ɗora a faifai aka rufe, aka ajiye a kusurwar zaure, don Brahim ya shiga ciki duba kan jariri. Misye Mahfuzu ba ya son cunkoso, saboda haka a kusurwar nan ya zauna, sakosh a cinya.

Brahim ya fito ya ɗaga faifai. Faifai na nan lafiya lau.

Aka yi cirko-cirko. Wani ya ce kare ne, aka ce kare ba ya mayar da murfi. Nan fa Misye Mahfuzu ya miƙe, don irin wannan rana aka halicce shi.

"Se grav! Jama'a, se tre grav, abin ya yi muni! Haƙƙin wanzami, a gidan suna, da rana tsaka! Ina tarbiyya? Ina tsoron Allah? Na sha faɗa muku, wannan aikin 'yan leda ne. Baƙar leda ba ta nuna abin da ta haɗiye. Donk, kowa ya buɗe tasa a bakin ƙofa. In na zama Wakili, wannan doka ce."

Aka kuwa bi shawararsa, don ya faɗe ta da Faransanci a ciki. Kowa ya kwance ledarsa. Har Hajja Ache, tsohuwar da ta yi wa rabin unguwar nan wankan jego, sai da ta kwance tata, aka ga 'yar tsokarta da ƙashi guda. Ta ɗaure abarta ta fita ba ta yi wa kowa sallama ba. Ba a sami karfata ba. Ba wanda ya ce a buɗe sakosh. Wa zai nemi nama a ofis?

Mai ƙaramin tunani da gida ya wuce daga nan. Amma sakosh ba ta taɓa cika ta yi kyau irin na ranar ba, kuma ranar zaɓe ce. Sai ya zaga da ita rumfa-rumfa, yana sauya hannu yana nishi, yana cewa, "Dosiyen takara ne, ku yi mini addu'a." Zafin watan Mayu na dukan fata. Kafin azahar ya sami 'yan rakiya, ƙudaje, sun fi na kowane ɗan takara yawa. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Ya biya gida ya saka farar shadda a tsaitsaye, bai ko sauke kaya ba, don kada ta rame kafin Sarki ya gan ta.

Bayan la'asar zaure ya cika. An yayyafa wa ƙasa ruwa saboda zafi, dattawa sun jeru a tabarmi jikin bango. Abdelkerim ya zo da wuri, ya ajiye ƙullin goro da kwalbar turare a buzu, Brahim ya faɗa, aka ce an gode, ya koma gefe ya zauna. Misye Mahfuzu ya makara da gangan, don manya ba sa riga kowa zuwa. Da ya shigo tabarmi sun cika. Ba sauran wuri sai tsakiyar zaure, jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Gaishe da Sarki kuwa hannu biyu yake ci. Ka durƙusa, ka dunƙule dama ka ɗaga, hagu ta tallafe ta. Ya dubi ƙasa, laka-laka. Ya dubi cinyarsa, farar shadda, ga kusurwar sakosh tana naso. Ya duba gaba, ga wuri busasshe, fari, mai laushi, daidai gaban babban mutum. Shekarun da ya yi a direksiyo abu ɗaya suka koya wa hannunsa: wurin jaka shi ne gaban maigida. Hannun bai yi shawara da kai ba. Ya ɗora ta a buzu, ya ɗaga jinjina.

"Ranka ya daɗe!"

"An gaishe ka, Mahfuzu!" in ji Brahim, muryarsa har waje. "Gaisuwar Mahfuzu ta hau buzu! Jama'a, sakosh ce da kanta!"

Zaure ya ɗauki salati. Wani dattijo ya ce, "Kai! Ya ba da sakosh? Lallai mutumin nan da gaske yake." Wani ya ce ba a taɓa irin wannan gaisuwa ba tun da aka gina zauren. Na rantse muku, Misye Mahfuzu sai da ya kumbura. Ya waiga dama, ya waiga hagu, yana gyaɗa kai yana karɓar yabo. Yana cikin gyaɗawar ne kan ya tsaya cak, kamar wanda ya tuna ya bar tukunya a wuta.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, murya ta sirance, "a tsarin administirasiyo ba a buɗe sakosh a bainar jama'a. Akwai sirri."

Sarki Hamadu ya buɗe ido ɗaya. "To ɗauki abarka, ɗana. Buzu ba ya riƙe abin da ba a ba shi ba. Ka dai san al'ada."

Ya sani. Hannunsa ya tashi, ya tsaya a iska. Ga sakosh, ga kujerar tiribin, ga inuwa, ga ruwan sanyi. In ya janye, shekara mai zuwa ma yana bakin igiya. Sai ya dubi makullin nan mai ruwan zinariya, wanda bai taɓa kamawa ba tun zamanin direkter, ya sa rai ko yau zai ji kunyar idon jama'a ya kama. Ya mayar da hannu cinya.

"A bar ta," in ji shi.

Brahim ya durƙusa, ya yi bisimilla, ya taɓa makullin da ɗan yatsa. Marfi ya wangale da kansa, kamar mai jiran a tambaye shi. Ƙudaje suka yi sallama suka shiga.

Brahim mutum ne mai riƙon aiki. Bai yi dariya ba, bai ƙara gishiri ba. Abin da ya gani shi ya faɗa.

"Leda, baƙa, babba, an shimfiɗe ta ciki daga bango zuwa bango!"

Jama'a suka ce, "An gode." Al'ada ce, ba yadda za a yi.

"Masa, ta kwana biyu a duniya!"

"An gode."

"Sukari ƙwaya-ƙwaya, irin na zaman makoki!"

"An gode."

"Cokula, ba uwarsu ɗaya ba!"

Wani dattijo daga jikin bango ya ce a hankali, "Mai lanƙwasasshen wuyan nan namu ne. Tun walimar 'yata Kaltumi muke cigiyarsa."

"Jarida, rabi, ta sha mai!"

Daga nan Brahim ya sake leƙawa ciki. Ya sa hannu biyu ya ɗago ta, jawur, tana ɗiga. Ya juya ta gaba, ya juya ta baya.

"Karfatar rago," in ji shi, wannan karon ba da ƙarfi ba. "Ranka ya daɗe, wannan mun san juna da ita."

Ba wanda ya ce an gode. Sai Abdelkerim ne ya shafa gemu ya ce, "Ma fi mushkila, ba komai. Ragon ɗana ne ya zo gaishe da Sarki."

Da wani ne, da ya so ƙasa ta tsage ya shige. Amma Misye Mahfuzu ba wani ba ne. Ya miƙe, ya gyara wuyan riga.

"Ranka ya daɗe, jama'a, ekute. Abin da kuka gani shi ake kira anket, wato bincike. Na ɗauke ta ne da gangan don in gwada tsaron unguwa. Kuma kun gani da idonku, tsaro babu. Mutum ya fita da karfata guda ba wanda ya tare shi! Donk, wannan ya ƙara nuna ana buƙatar Wakili mai..."

"Zauna, jikan Mai Burgami," in ji Sarki.

Ya zauna, a jiƙaƙƙiyar ƙasa, da farar shadda.

"Na san kakanka ina yaro. Burgaminsa na fatar akuya ne, yana wari, ba makulli, da igiya yake ɗaure shi. Amma duk abin da ke ciki nasa ne." Ya rufe idon da ya buɗe. "Mun karɓi gaisuwa. Nama ya koma wa mai shi. Cokula kowa ya duba nasa. A kai wa Hajja Ache turaren nan, a ce ina ba ta haƙuri. Sakosh ɗin kuma, Brahim, na ga zabirarka ta yage, riƙe wannan ladan jira. Abdelkerim, kai ne Wakili. A yi fatiha."

Aka shafa. Sai dai Sarki Hamadu ba ya tauye al'ada. Wanda ya kawo gaisuwa ba ya fita hannu rabbana, sai da tukuici. Aka ɗebi goro daga ƙullin Abdelkerim, aka nemi abin zubawa aka rasa, sai Brahim ya zaro baƙar ledar nan daga cikin sakosh, ya kakkaɓe ta, ya ƙulla goron a ciki, ya miƙa da hannu biyu. Tukuicin Sarki kuwa ba a ɗaga masa tafin hannu.

Haka Misye Mahfuzu ya ratsa Jambutu da yammacin nan, ana zaune a ƙofar gidaje, kafaɗunsa sun daidaita a karon farko, gindin shadda ya yi taswira, yana kaɗa leda. Fabrice ya rage gudu ya ce, "Patron, in ɗora a tanki?" Ya wuce abinsa. Da ya shiga gida na ji Adawiyya ta kan katanga tana cewa, "Sannu da zuwa, Misye. Yau ofis goro ya raba?" Kyanwoyi suka jira har magariba, suka watse. Ba su sake dawowa ba. Ashe ba ilimin suke so ba.

Ranar Ven Me Abdelkerim ya zauna a tiribin, cikin inuwa, ya yi barci tun daga taken ƙasa har aka tashi. Misye Mahfuzu bai je ba. Ya ce dama shi ya janye, don kujerun roba suna sa ciwon baya. Kada kuma ku ɗauka darasi ya tsaya a teburin mai shayi. An dai yi wa tsarin gyara. Yanzu ya gano cewa abin da yake zuba katinsa a ciki ba leda ba ce, sunanta sashe da Faransanci, kuma manyan Turai sun daina sakosh tuntuni saboda nauyi.

Abu ɗaya ne bai sami yadda zai yi da shi ba. Gashi ba ya jin Faransanci, tsirowa yake yi, wanzami kuma ɗaya ne a unguwar. Ran Juma'a da hantsi na same shi zaune a tabarmar Brahim, an jiƙa masa gemu. Ga sakosh a ƙasa, a kan turɓaya, baki wangale, cike da asake da ƙaho da tsumma. Ya daɗe yana satar kallonta. Can dai ya kasa daurewa.

"A riƙa shafa mata mai," in ji shi. "Fata ce mai daraja. Sakosh ce."

"Mai kam ta sha na shekaru," in ji Brahim. Ya wasa aska a tafin hannu, ya kama masa haɓa ya ɗaga, ya ɗora kaifin daidai maƙogwaro. "Kada ka motsa, Misye. Jaka ce mai kyau, wallahi. Jaka."

Tun da nake da shi, ranar ce aka fara cewa jaka a gabansa bai gyara wa kowa ba.